Sharhi: Wa Zai Riƙe Manhajar Lissafin Ƙungiyar Agaji Bayan An Ɗora Ta?

Da wuya a sami kasuwa ko zango a Kudancin ƙasar nan inda mutanenmu ke neman abinci, tun daga Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Legas har Sabo ta Ibadan da Fatakwal, a ce babu wata 'yar ƙungiya ko gidauniya da ke tara taimako domin marayu, ko matan da mazajensu suka rasu, ko jinyar wanda ciwo ya kayar a baƙon wuri, ko kuwa sallamar wanda guzuri ya yanke masa. Yawancin kuɗin da ke tafiyar da irin waɗannan ƙungiyoyi daga aljihun 'yan kasuwa yake fitowa, wato masu karanta wannan shafi, kuma su ne dai ake naɗawa shugabanni da amintattu. Saboda haka maganar yadda ake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita tasu ce kafin ta zama ta kowa.

A 'yan shekarun nan an sha kawo wa kwamitocin waɗannan ƙungiyoyi shawarar su ajiye littafi da biro su koma ga kwamfuta. Shawarar ba ta da aibi. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen zaɓen manhajar da za a yi aikin da ita, domin galibi tambaya ɗaya ake yi, wato nawa ne kuɗinta. Da zarar an ji babu tsada, ko ma kyauta ce, sai a shafa fatiha a tashi. Ni a ganina akwai tambayar da ta riga wannan: ran da wanda ya ɗora manhajar ya bar gari, wa zai ci gaba da ita, kuma ta yaya za a fitar da lissafin da ke cikinta?

Abin da ya koya mini wannan tambaya wani al'amari ne da na gani da idona a wata ƙungiyar taimakon marayu ta 'yan kasuwar hatsi, wadda ba zan ambaci sunanta ba. An turo wani yaro ɗan bautar ƙasa unguwar, mai hazaƙa da son aikin lada. Ya ga yadda ma'aji ke fama da manyan littattafai, sai ya yi tayin zai zuba musu komai a wata manhaja ta intanet. Ya buɗe asusun da adireshinsa na imel da lambar wayarsa, yana biyan ɗan kuɗin wata-wata da katinsa na banki, ana mayar masa. Wata goma sha ɗaya abu na tafiya sumul, kowane taro ana raba rahoto mai kyan gani. Da ya gama hidimarsa ya koma garinsu, ya sake layi, biya ya tsaya, ƙofa ta rufe. Ana cikin haka sai wani alhaji da ya ba da zakkarsa ta hannun ƙungiyar ya zo yana son a nuna masa waɗanda aka bai wa. Aka rasa abin nunawa. Ma'ajin, dattijon da ya shekara fiye da ashirin ana ba shi ajiya kwabo bai taɓa salwanta ba, ya wayi gari ana ƙus-ƙus da sunansa a bakin masallaci. Abin da ya wanke shi kuwa shi ne bai daina yanka rasit mai kwafi ba, ko da yake yaron ya ce masa yanzu ba a bukatarsa. Sai da aka kwashe makonni uku ana bin kwafen rasit ɗaya bayan ɗaya kafin lissafi ya tashi. Alhajin ya gamsu, amma bai sake kawo zakkarsa nan ba.

Na san akwai masu cewa mu dai amana ta ishe mu, kuma suna da abin kafa hujja. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda ake sayar da shanu bashi ga mahauta ba tare da wata takarda ba, maigida ne kawai ke tsaya wa baƙonsa. To amma wancan tsari ya ɗore ne domin kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci amana kasuwa ce za ta hukunta shi washegari. Aikin agaji daban yake. Maraya ba shi da bakin bin kadin haƙƙinsa, mai bayarwa kuma sau da yawa ta waya ya turo kuɗin daga wani gari, bai taɓa ganin ma'aji ba. Ba ma sai an je da nisa ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Ita ma hukuma ta sa ido. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta tanadi cewa ƙungiyoyin da suka yi rajistar amintattu su ajiye bayanan lissafi, su adana su har shekara shida, su kuma riƙa kai rahoto ga Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wato CAC. Sashe na 839 ma ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, musamman daga shugabannin addini. A watan Afrilu 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa waɗannan sassa sun saɓa wa tsarin mulki. Wannan fage ne na lauyoyi, kowace ƙungiya ta tuntuɓi nata. Abin da na ɗauka a ciki shi ne ma'aunin nan na shekara shida, domin ma'auni ne mai kyau ko da babu doka. Duk manhajar da kwamiti ba shi da tabbacin zai iya buɗe lissafin bana a cikinta nan da shekara shida, ba ta dace da shi ba.

Da wannan ma'auni sai a duba manhajojin haya, wato waɗanda ake biya wata-wata kuma lissafin yana zaune a rumbun kamfanin a intanet. Ko shakka babu suna da kyau, kuma ga kamfani mai akanta da rassa sun cancanci kuɗinsu. Matsalar ita ce yawancinsu da dala aka yanke farashinsu, alhali ƙungiya da naira take tara taimako. A farkon watan Yuni 2023 dala tana kimanin naira 460 a farashin hukuma. Bayan Babban Banki ya saki naira a tsakiyar watan, ba a fita watan Fabrairu 2024 ba sai da ta haye naira 1,500. A ɗauka, a misali, hayar dala 30 ce a wata. Ƙungiyar da ta amince da naira 13,800 sai ta iske tana biyan naira 45,000, kamfanin bai ƙara ko sisi ba, kwamiti kuma bai zauna ya amince da ƙarin ba. Wannan kuɗin makarantar yaro ne. Bugu da ƙari, a 2022 bankuna da dama sun rage abin da za a iya kashewa da katin naira a ƙetare zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar gaba ɗaya, sai a 2025 aka fara dawowa da shi. A tsakanin nan mutum na da kuɗin a asusu amma ba shi da hanyar biya, kuma manhajar haya ba ta jiran uzuri.

Kyauta ma tana da nata wa'adin. Manhajar Wave ta ƙasar Kanada, wadda ƙananan 'yan kasuwa a ƙasashe da dama suka runguma saboda ba a biya, ta daina karɓar sababbin masu rajista daga wajen Amurka da Kanada a ƙarshen 2020. Kamfanin Intuit ya janye QuickBooks daga Indiya a 2023, kasuwar da ta ninka tamu girma nesa ba kusa ba. Kamfanin Microsoft, wanda ya daɗe yana bai wa ƙungiyoyin agaji lasisin Microsoft 365 Business Premium da Office 365 E1 kyauta, ya sanar a watan Mayu 2025 cewa zai daina daga watan Yuli, ya bar musu ƙaramin tsari kyauta da rangwame a kan sauran. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Kamfanoni ne, riba suka fito nema, kuma duk mai shago ya san ranar da yake daina gyara wa abokin ciniki. Waɗanda suka yi aikin ofis a shekarun 1990 za su tuna da Lotus 1-2-3, wadda a lokacin kamar ba za a taɓa rabuwa da ita ba. Kamfanin IBM ya daina kula da ita a 2014.

Saboda haka kafin a shiga kowace manhaja a fara neman ƙofar fita. A ce wa mai tallanta ya nuna, a gaban kwamiti, yadda ake fitar da dukkan bayanai zuwa fayil na jadawali, ko irin wanda ake kira CSV, wanda rubutu ne tsagwaronsa da kowace kwamfuta ke iya buɗewa. In ya ce sai an rubuta wa kamfani, ko sai an ƙara kuɗi, to magana ta ƙare.

Sai batun wuta da intanet, wanda ba ya bukatar dogon bayani ga mai shago. A watan Afrilu 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225, fiye da ninki uku. A watan Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har manyan bankuna sai da suka ji a jikinsu. Manhajar da ba ta buɗuwa sai da intanet za ta ƙi buɗuwa ranar rabon kayan azumi, jama'a na tsaye a layi.

To mene ne abin yi? Ga ƙungiyar da shigarta da fitarta ba su wuce 'yan ɗaruruwa a shekara ba, kuma ma'aji da sakatare aikin sa kai suke yi bayan sun rufe shago, ni ban ga abin da ya fi jadawalin lissafi ba, wato Excel ga wanda yake da lasisinta na halal, ko LibreOffice Calc, wadda kyauta ce, ba ta neman intanet, kuma wata gidauniya da ke Jamus ce ke kula da ita tun 2010. Na san masana za su yi murmushi, su ce an koma gidan jiya. Dalilina shi ne babu unguwar da za a rasa wanda ya iya jadawali. Duk ɗan sakandaren da ya taɓa zama a shagon buga takardu zai iya karɓar aikin ran da sakatare ya tafi. Sauƙin kula da manhaja a wurina ana auna shi ne da yawan mutanen da za su iya riƙe ta a cikin unguwa.

Amma jadawali yana da tarkuna, kuma ya kamata a faɗe su. Lambar wayarmu da sifili take farawa, haka lambobin asusun banki da yawa, jadawali kuwa yakan share sifilin farko idan ba a gaya masa cewa rubutu ne ba, sai a tura kuɗin marainiya ga lamba mai gurgunta. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana sa wata kafin rana, sai 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris. Manya ma sun faɗa irin wannan rami: a watan Oktoba 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano kusan mutum 16,000 masu cutar korona sun faɗi daga ƙidaya, saboda an yi amfani da tsohon samfurin fayil ɗin Excel da layukansa ke da iyaka. Mafi girma duka, kowa na iya sauya adadi a jadawali ba a ga alama ba. Maganin wannan ba a cikin kwamfuta yake ba. A ƙarshen kowane wata a buga shafin a takarda, a gwama shi da takardar bayanin asusu ta banki layi bayan layi, shugaba da ma'aji da wani na uku su sa hannu, a ɗinke a fayil. Littafin rasit mai lamba da kwafi kuma kada a kuskura a jingine shi, ko da kuɗin ta waya ya shigo.

Idan aiki ya ɗan girma, ana da asusu biyu ko uku, ko ana biyan ma'aikata, to akwai GnuCash, wadda ta haura shekara 25 ana amfani da ita, kyauta ce, kuma a cikin kwamfutar mutum take zama. Tana bin tsarin akantoci na rubuta kowane kuɗi sau biyu, inda ya fito da inda ya tafi, saboda haka kuskure yakan tona kansa. Sai dai tana son wanda ya san kan lissafi ko kaɗan ne, kuma ba a yi ta domin mutum biyu su yi aiki a lokaci ɗaya ba. Kada a ɗauke ta sai an sami mutum biyu a ƙungiya da za su koye ta. Manyan tsare-tsare irin su CiviCRM, wanda sai an yi masa mazauni a intanet an sami mai sabunta shi, ko Salesforce, wanda ke bai wa ƙungiyoyin agaji lasisi goma kyauta, an yi su ne domin ƙungiyoyi masu dubban masu ba da gudummawa da ma'aikacin kwamfuta na albashi. Bai wa kwamitin masallacin unguwa irinsu kamar bai wa mai tallan goro tirela ne kyauta: man da direban da makanikin duk a wuyansa.

Akwai kuma abu ɗaya da masu tallan manhaja ba su cika saninsa ba, alhali shi ne ƙashin bayan lissafin ƙungiyar Musulmi. Kuɗin da ke shigowa ba iri ɗaya ba ne. Zakka tana da mutum takwas da aka iyakance mata a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Wakafi ana cin amfaninsa ne, ba a taɓa uwarsa. Wanda ya ba da kuɗi ya ce na rijiya ne, ba a ɗauka a sayi tabarmi. Manhajojin da aka tsara domin shago riba da faɗuwa suke aunawa, sai su zuba komai a tukunya ɗaya. Ko da me za a yi aiki, lalle ne kowace shiga da kowace fita ta ɗauki alamar asusun da ta shafa, ta yadda in an tambayi nawa ya rage a zakka za a ba da amsa cikin minti ɗaya. A jadawali wannan layi ɗaya ne na tsaye da za a ƙara. Da ƙungiyar da na ba da labarinta tana da shi a hannunta, da alhajin bai gama shan ruwan da aka kawo masa ba an nuna masa sunayen.

Sunayen nan kuma amana ce ta daban. Jerin marayu da gidajensu da ciwon da ke damun iyayensu bai kamata ya zauna a fayil ɗaya da lissafin kuɗi ba, balle a riƙa jefa shi a zauren WhatsApp na membobi. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023 ta shafi duk mai tara bayanan mutane, kuma ta tsaurara a kan na yara da na lafiya. A ba kowane mai cin gajiya lamba, lissafi ya ɗauki lambar, jerin sunayen ya zauna a kulle da kalmar sirri a hannun mutum biyu. Kada kuma a zaci rumbun babban kamfani ya fi ƙarfin ɓarayi: a 2020 an kutsa cikin na Blackbaud, kamfanin Amurka da ke riƙe wa ɗimbin jami'o'i da ƙungiyoyin agaji bayanan masu ba su taimako, har sai da ya biya fansa.

Ita kanta na'urar, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka irin wadda ake samu a kasuwar Ikeja ta wadatar. A dai tuna cewa tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Wadda aka keɓe wa lissafi a rage shiga intanet da ita, kada yara su mayar da ita wurin kallon fim. A guji manhajar sata, ko don ƙwayar cutar da ke biyo ta, ko don rashin dacewar a rubuta kuɗin sadaka da kayan da ba a biya haƙƙinsu ba. Kowane wata a kwafi fayil ɗin a filash biyu, ɗaya ya kwana a wani gida daban da ofis. Gobarar kasuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Ga alhazanmu masu hali, waɗanda sukan so su bar wa ƙungiya wani abu da za a gani, shawarata ita ce kuɗin da za a zuba a manhaja mai tsada a mayar da shi ɗan alawus ga wanda zai zauna yini biyu a wata yana shigar da rasit yana gwamawa da banki, da kuma ladan odita sau ɗaya a shekara. In kuma wani matashi ya zo da tayinsa, a karɓe shi hannu bibbiyu, amma a yi masa gwaji. A ce ya fita waje, a miƙa wa sakatare da mataimakinsa rasit biyar su shigar da kansu, su fitar da jimlar kowane asusu, su buga a takarda. In sun iya, a ɗauka. Imel da lambar wayar da za a buɗe kowane asusu da su su kasance na ƙungiya, kalmomin sirri a rubuta su a ambulan biyu a liƙe, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin wani amintacce da ba ya cikin masu sa hannu a cek, a kuma rubuta a bayanin taro ranar da za a buɗe su a gwada, sau ɗaya kafin azumi, sau ɗaya bayan babbar salla.